Ruwan Alwala a Tukwanen Rahila

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. In na je majalisarmu ta ƙofar shagon tela a Fagge, kafin in gyara zama wani zai ce, "Malam Bukar, yaya Kamarun?" Wani abincinsu yake son ji, wani kuma ko da gaske ne jirgin ƙasansu yana tafiya. Har da masu cewa aure na je nema. Ni da shekara sittin da takwas da gwiwa ɗaya da rabi! To, na gaji da ba da labari gutsi-gutsi. Ga shi nan gaba ɗaya, kada wanda ya sake tare ni a hanyar masallaci. Kuma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba. Ƙarya na yi wa abokina, na tafi neman abin da zan rufe ta da shi.

Abokin nawa shi ne Ishaku. Kirista ne, daga wani ƙauye kusa da Zariya, shi ya sa ban taɓa kiransa da komai ba sai Bazazzagi. Tare muka shiga aikin jirgin ƙasa muna samari, shi a wajen gyaran inji, ni a wajen kaya. Iyayena daga Barno suka zo amma a Fagge aka haife ni, shi kuma ya zauna a Sabon Gari, tafiyar ƙafa ce tsakaninmu. Matarsa Rahila 'yar Gaundare ce ta ƙasar Kamaru, kawunta ne ya kawo ta Kano tana budurwa. Ta rasu shekara shida ke nan. Abin da ta bar masa, ban da 'yarsu Saratu, shi ne tukwane uku na wani farin fure da suke kira lili. A cikin ƙasa albasa ce da shi, kamar albasar kwaɗin nan ta bakin fadama, sai dai furen ya fi girma, ga ƙamshi. Daga gidan uwarta ta zo da irin, ƙunshe a bakin zani. Kowace shekara wajen Ista suke buɗewa, ta yanka ta kai coci.

Farkon daminar bana Ishaku ya samu shanyewar ɓarin jiki. Saratu malamar makaranta ce, ta ɗauke shi zuwa gidan da take haya a saman bene a nan Sabon Gari, inda babu wurin ajiye ko tukunya ɗaya. Ranar da za a kwashe kayansa ya sa aka kira ni. Bakinsa ya karkace amma ana gane maganarsa.

"Bukar, yaran Rahila. Kai su gidanka. Amana."

Ya ɗaga yatsa zai ƙara wata magana, na katse shi. Na ce, "Haba Bazazzagi, ni za ka koya wa ban ruwa? Kwanta ka huta." Wannan bakin nawa shi ya jawo komai.

Ga inda na yi ɓarnar. Tun ina yaro mahaifina ya hana mu zubar da ruwan alwala a banza. Sai dai a gindin shuka. Akwai darbejiya a bayan ofishinmu na tasha wadda da ruwan alwalata ta girma, Ishaku har kiranta yake 'yar Bukar. Da na kawo tukwanen gida, sai na jera su inda nake zama da buta. Sau biyar a rana, ina bin su ɗaya bayan ɗaya don kada wata ta ce an yi mata rowa. Na samo ɗanyen kashin shanu na zuba musu. Da Hajiya Falmata, uwargidana, ta yi ƙorafin ruwa yana malala mata a tsakar gida, sai na sa faranti a ƙarƙashin kowace tukunya. Ga kuma ruwan Agusta yana sauka ba dare ba rana. Da ganyen ya fara rawaya na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa.

Wata safiya Hajiya ta ce, "Malam, wani abu ya mutu a gidan nan." Na ja ganye ɗaya, ya biyo hannuna ba gardama. Na tona. Albasar ta koma kamar dafaffen dankalin da ya kwana uku, wari kuwa ba a magana. Duka ukun haka. Ban tsaya tunani ba, na ɗauka na juye su a bola, na wanke tukwanen tas.

Da yamma na je gaishe shi. Ya ce, "Yaya yaran Rahila?" Na buɗe baki na ce, "Lafiya lau, har sun ƙara ganye." Ya kalle ni da idon nan nasa guda mai motsi. Daga ranar ƙafata ta ƙi hawa benen nan. Saratu ta kira, na ce zazzaɓi nake. Na zaga masu sayar da furanni na bakin titi kaf, akwai ja, akwai mai ratsi, amma babu farin nan mai kore a maƙogwaro. Kuma Ishaku zai gane. Sai na tuna da Marta, ƙanwar Rahila, wadda ta zauna a Kano shekara huɗu tana renon Saratu. A wajen jana'izar Rahila ta ce mana in mun je Gaundare mu tambayi Marta Kano a bayan tashar jirgi. Na ɗauki fasfo da katin allurar shawara, na ce wa Hajiya gaisuwar mutuwa za ni Yola. Ƙarya ta uku ke nan.

Motar Yola ta tashi da sassafe. Direban Bafulatani ne, da ya ji sunana sai ya washe baki. "Yau na ɗauko bawana! Babarbare, shiga baya kusa da kaji." Na ce masa ko sanda ba zai iya riƙewa daidai ba balle sitiyari. Wannan wasan shi kaɗai ne dariyar da na yi a tafiyar. Hanyar kuwa, wani wuri kwalta, wani wuri ramin da akuya za ta ɓace a ciki, shinge kuma na daina ƙirgawa tun kafin Bauchi.

Na kusa da ni ɗan kasuwar albasa ne, mai surutun tsiya. Ban tambaye shi ba ya hau ba ni labarin asarar damina. Ya ce, "Alhaji, albasa in ta ƙosa ba ta da maƙiyi kamar ruwa. Iska take so. Ka ɗaga ta daga ƙasa, ka bar ta ta sha iska. Amma wani wawan sai ya tula ta a wuri mai laima, ya zo yana cewa an yi masa baki." Na ce masa kaina yana ciwo. Muna fita Gombe wayata ta yi ƙara, na duba, Saratu ce. Na riƙe ta a hannu tana ruri har ta gaji. Mai albasa ya ce, "Ba ka ɗauka?" Na ce kamfani ne.

Bayan Numan taya ta fashe, safayar ma ba iska. Muka zauna a gindin giginya muna cin gyaɗa da rake har aka je aka dawo. A Jimeta na sauka gidan wani ɗan'uwan Hajiya. Suka kawo tuwon masara da miyar yakuwa da gyaɗa, mai tsami, mai daɗi in da mutum yana da ciki. Maigidan ya ce gidan wa aka yi rasuwar, ya raka ni. Na ce a ƙauye ne, can wajen iyaka, ba sai ya wahala ba. Ita ƙarya haka take, kowa ka haɗu da shi sai ka yanka masa tasa.

Washegari na kama hanyar Belel. Mota ta kai mu inda za ta iya, daga nan sai babur, don ruwa ya cinye hanya. Mai babur ɗin dattijo ne kamar ni, ya ce in riƙe shi da kyau. Ban riƙe ba, don ina ganin raini ne. A wani kwazazzabo muka zame, na tashi da taɓo tun daga hula har takalmi, gwiwar nan mai lafiya ita ma ta samu rabonta. Haka na isa iyaka kamar wanda aka tono.

A ɓangarenmu ba a daɗe ba. A nasu ɓangaren wani jandarma, irin 'yan sandansu, ya juya fasfona gaba da baya, ya yi Faransanci mai tsawo. Wani ɗan canji da ke zaune a benci ya fassara: wai me za ni yi a Gaundare? Na gaji da ƙarya, na ce, "Fure zan ɗauko." Ɗan canjin ya ce, "Fure? Sunan yarinyar ke nan?" Na ce fure na shuka. Ya faɗa wa jandarman, suka yi ta dariya har da buga tebur, ya buga min hatimi yana share hawaye. Gaskiyar farko da na faɗa a tafiyar, ita aka mayar abin dariya. Muna wuce shingen na duba waya, ba sabis ko ɗigo. Wallahi sai na ji sanyi a raina, don yanzu Saratu ba za ta same ni ba. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi.

Garwa gari ne mai zafi a bakin Binuwai. Fulatanci ne ya cika kasuwa, amma in ka yi Hausa ba za ka kwana da yunwa ba. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa ya kusa cire min haƙorin da nake taƙama da shi, kuma a hammata suke ɗaukarsa ba leda ba takarda. Na samu ɗaki a wani masauki kusa da tasha, gadon ya lotsa a tsakiya, famfon kuma sai ka yi masa magana da dutse. Mai gasa kifi a ƙofar masaukin ta ba ni kifi da wani abu dogo naɗe a ganye, wai rogo ne da aka jiƙa. Ina warware ganyen tsaminsa ya bugi hancina, sai ga ni a tsakar gidana a gaban tukwanen nan. Na ci kifin, na bar mata rogonta. Ta ce wa maƙwabciyarta wani abu, na ji kalmar Najeriya a ciki, na san ba yabo ba ne.

Abu ɗaya ya burge ni. A tashar motarsu sai an rubuta sunanka, a riƙe katin shaidarka, in lokaci ya yi a kira ku ɗaya bayan ɗaya. Ni da na saba da tashar gida, ina ganin an buɗe ƙofar bas na sa kafaɗa na kutsa. Wata mata ta ja ni da riga ta nuna min benci, kamar ɗan firamare. Da aka zo sunana sai mai kiran ya ce "Bukaar Mustafaa", na zauna ina kallonsa har sau uku kafin na gane ni ne.

Hanyar Gaundare hawa ce, bas ɗin yana nishi, manyan motoci a kife a gefen dutse. Da muka kai sama iska ta canza, sanyi ya shigo, ƙasa ta koma ja. A bakin tashar jirgi aka sauke ni. To, ku masu tambaya: e, jirginsu yana tafiya. Na tsaya a jikin shinge ina kallon inji yana haɗa taragai, ma'aikata da tuta a hannu, ƙarar ƙarfe tana dukan ƙarfe yadda muka san ta. Na juya dama zan ce, "Bazazzagi, ji wannan injin," sai na ga ba kowa sai mai tallan ayaba. A nan ne na fara jin tsoro na gaske.

Marta Kano ba ta yi wuyar samu ba, mai shayi na farko da na tambaya ya nuna min lungun. Tana tsakar gida tana tsince wake a tire. Ta tsufa, ta koma Rahila sak, har yadda take ɗaura ɗankwali. Ta ɗago ta gan ni, ta gane ni, sai tiren ya suɓuce. Ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Ishaku! Wayyo Ishaku!"

Ashe a wajensu, dattijo ba ya tahowa daga wata ƙasa ba sanarwa sai da labarin mutuwa. Maƙwabta har sun fara leƙowa. Na yi ta rantsuwa yana da rai, na bar shi da rai. Da ta natsu ta ba ni ruwa, ta ce, "To Malam Bukar, me ya kawo ka?" Na faɗa mata komai, da butar, da kashin shanun, da farantin. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ina albasar?"

"Na zubar."

"Duka?"

"Sun ruɓe, Marta."

Ta tashi ta ce in biyo ta. A jikin katangar bayan gida, inda rufin ya ɗan kare ruwa, ta yi kunyar shuka mai tudu da yashi, ga lilin nan jere, irin na Rahila. Ta duba ta duba, ta sa hannu ta tono wata da ganyenta ya yi laushi. Gefe guda ya ruɓe, irin warin nan. Ta ɗauko wuƙa ta kara a wuta, ta yanke ruɓaɓɓen har ta kai fari mai tauri, ta barbaɗa toka, ta ajiye a inuwa. Sannan ta juya gindin ta nuna min wasu ƙanana guda biyu maƙale, kamar tafarnuwa.

"Ka ga waɗannan? 'Ya'yanta ne. Uwar takan mutu su rayu. Tukwanen Yaya Rahila shekara nawa, ai cike suke da su. Da ka tsaya ka duba, da ka samu goma. Ba ruwan ne ya ƙarasa su ba, Malam. Kai ne, da ka yi sauri kada a gani."

Ban taɓa jin magana ta shige ni haka ba. Na tsaya da hula a hannu, ita kuwa ta ci gaba, cikin faɗa, kamar mai karanta wa ɗalibi laifinsa. Tukunya sai mai huda, kuma kada a toshe ta da faranti. Tsingaro ko tsakuwa a ƙasa, sannan yashin kogi da ƙasa da ɗan garin gawayi. Taki sai wanda ya shekara ya bushe. Kada a binne albasar duka, a bar wuyanta a waje. In damina ta yi ƙarfi a janye tukunyar daga bakin indararo. Ta kama yatsana ta cusa a ƙasa har gaɓa biyu. "In ka ji sanyi, tafi abinka. In ka ji a bushe, ba ta kaɗan. Ganye ya yi rawaya ba kullum ƙishi ba ne, wani lokacin ruwa ne ya shaƙe ta."

Sai ta ce, "Ishaku ya san ka taho?" Na ce a'a. "Saratu fa?" Na ce a'a. Wayarta ta ɓata tun bara da lambobin kowa, ta ce in ba ta lambar Saratu a kira ta yanzu a wayar maƙwabci. Na roƙe ta ta bari sai na koma. Ta kalle ni ta ce:

"Zan tono maka tara. Amma sai sun sha iska kwana biyu kafin su yi tafiya, in ba haka ba a hanya za su ruɓe. Ko ka bar su ka koma gobe wajen abokinka, ko ka jira su. Zaɓi."

Na jira. Na ce ba zan koma hannu rabbana ba bayan duk wannan wahala.

Ba zan ɓoye alherinta ba. Ta aika aka sayo sabuwar buta da tabarma, ta tambayi maƙwabcinta Musulmi alƙibla, ta sa shi ya yanka kaza saboda ni. Ta ba ni fiya manya-manya da ban taɓa ganin irinsu a Kano ba. Da azahar ta yi na ɗauki butar, ban ankara ba ƙafafuna suka kai ni gindin furanninta, har na tsuguna na naɗe hannun riga. Daga kicin ta daka tsawa, "Malam!" Na tashi sumui-sumui na koma bakin kwata. Ba ta yi dariya ba, ni ma haka.

Ranar tafiya ta jera su a kwando, da busasshiyar ciyawa da toka tsakaninsu. Ta ce, "Ban da leda. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, gara su jiƙe su bushe da a ƙunshe su su yi gumi." A bakin ƙofa ta ce, "Ka ce wa Ishaku ina gaishe shi. Ka kuma faɗa masa da bakinka abin da ka faɗa min."

Na rungume kwandon nan a cinya har Garwa, har iyaka. A wani shinge bayan mun tsallako, wani mai kaki, Bahaushe ɗan'uwana, ya buɗe ya ja da baya.

"Baba, gadali? Da girmanka da furfurarka?"

Gadali dai ita ce albasar da bokaye suke shukawa don asiri, kuma a ido ba ta da maraba da wannan. Na ce fure ne. Ya ce haka kowa yake cewa. Mutane suka taru, wata mata tana a'uziyya, wani yana tambaya a hankali ko ta kasuwa ce ko ta farin jini. Raina ya ɓaci na ɗaga murya, abin da bai kamata in yi ba. Ya zaro wuƙa ya tsaga ɗaya biyu wai ya ga abin da ke ciki, ya ɗauki biyu ya ce za a bincika. Na tabbata a aljihunsa binciken ya ƙare. Saura shida.

A nan wayata ta farfaɗo, ta hau ƙara ba tsayawa. Kafin in gama laluben tabarau Hajiya ta kira.

"Malam, ina ka shige? Saratu ta zo gidan nan sau biyu. Na kira Jimeta sun ce ka yi iyaka."

"Ya rasu?"

"Bai rasu ba. Ka dai taho."

Daga nan ban ƙara sanin abin da nake yi ba. Hadari ya haɗo, muka fake a wata rumfa, na zauna na zuba wa ƙasa ido. Mai babur, bawan Allah, ya ga kwandon tsoho zai jiƙe, ya samo babbar leda ya ƙunshe shi tam ya ɗaure. Na gani, na san abin da Marta ta ce, amma na ce in mun isa Yola na kwance. A Yola mota tana cika, aka karɓe kwandon aka tura but ɗin motar, aka ɗora buhuna a kai. Yini guda cur a kan hanya, a cikin zafi, cikin leda. Da na kwance a gida gumi yana ɗiga daga ciki. Huɗu sun yi laushi har tsakiya. Na kara wuƙa a wuta, na yanke, na sa toka, amma ba abin da ya rage a jikinsu. Biyu suka tsira, ɗaya ma sai da na fafe mata gefe.

Da hantsi na sa su a aljihu na nufi Sabon Gari. Kwana ashirin da uku rabona da benen nan. Saratu ta tare ni a kan matakala, ta rame, ba ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba ba.

"Baba Bukar, sai yau?"

Na fara cewa zazzaɓi, sai na fasa. Ta ce kwana uku bayan kiran da ta yi min ban ɗauka ba, ciwon ya sake bugunsa, maganar ta ɗauke gaba ɗaya. Likita ya ce kada a sa rai za ta dawo.

"Kafin nan kullum sai ya tambaye ka. Da safe, da yamma. In ya ji taku a matakala sai ya juyo."

Na ce, "Furannin yake tambaya?"

"Ko sau ɗaya bai tambaye su ba. Ranar ƙarshe da ya yi magana ya ce in je Fagge in gaya maka. Na je, ba ka nan." Ta share ido da bakin mayafi. "Cewa ya yi, 'Na san Bukar. Ya kashe su da alwala, kunya ce ta hana shi zuwa. Ki ce masa ba komai, ya zo mu yi hira.'"

Na zauna a kan matakalar nan. Ashe tun ranar da na ce sun ƙara ganye ya sani. Ashe abin da ya ɗaga yatsa zai faɗa min ke nan tun farko. Na tsallake iyakar ƙasa, na sha taɓo, an kira ni boka, don in ɓoye wa mutum abin da ya riga ya yafe, alhali tsakanin gidana da gadonsa tafiyar ƙafa ce.

Na shiga. Yana kwance, an juya shi yana fuskantar taga. Na zauna a bakin gadon na faɗa masa duka da bakina, yadda Marta ta ce. Na ciro albasa ɗaya na sa masa a hannun hagu, na naɗe yatsunsa a kanta. Saratu ta ce ta ga ya matse. Ni ban gani ba, kuma na daina faɗin abin da ban gani ba.

Na shuka su a tukwanen Rahila, da tsingaro da yashi da gawayi, wuyansu a waje, a ƙarƙashin rumfa. Yau sati uku, ba ganye ba alama. Ba halin in tona in duba, ba halin in ba su ruwa sai yatsa ya ce. Sau biyar a rana nake wuce su da buta a hannu in tafi bakin kwata, ina kallon ruwan yana bin rariya.

Masu cewa ba a ganina a majalisa bayan la'asar, to ina Sabon Gari. Nakan hau benen nan da gwiwar da ta rage, in zauna in yi ta zuba ni kaɗai. Na ba shi labarin injin Gaundare ya fi sau goma, da jandarma, da burodin hammata. In zan tafi nakan tsaya a bakin ƙofa in ce, "Bazazzagi, ba su fito ba tukuna." Gaskiya nake gaya masa yanzu, kullum. Ban dai san ko yana ji ba.